Bebe, Baubawa ko Baƙo? Sunayen Yaron da Ya Yi Kurum a Aji

Gwadangaji, wadda wasu ke rubutawa Gwadangwaji, ta manne da Birnin Kebbi har mai wucewa ba ya gane inda wannan ta tsaya waccan ta fara. Yanki ne na fadamar Rima, fadama kuwa kiran mutane take yi. Daga Gaya ana shigowa ta Kamba, daga Dogon Dutse ta Bachaka da Kangiwa, daga ƙasar Benin ta Lolo da Tsamiya, wani don aikin shinkafa, wani don su, wani don fatauci. Ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka tayar daga Zamfara da Danko-Wasagu. Da yawa da iyali suke tafe. Kafin a jima sai ka ga sabon yaro a bencin baya na ajin firamare, ya zo da Zabarmanci ko Dandanci ko Fulatanci ko Dakarci a cikin bakinsa, ya kuma rufe bakin gam.

Mako ya wuce, wata ya wuce, bai ce uffan ba. A nan ne malamai ke fara neman abin da za su kira shi, sunayen kuwa ga su nan birjik: bebe, kurma, baubawa, miskili, daƙiƙi, mai kunya, baƙo. Ya kamata mu juya su ɗaya bayan ɗaya, domin kowane suna da hukuncin da yake goye da shi. Wanda aka kira bebe, ƙyale shi ake yi. Miskili, bulala ake nemo masa. Daƙiƙi a tura shi ƙarshen aji. Mai kunya a yaba masa, sannan a manta da shi. Yaron ɗaya ne, amma abin da zai same shi a wannan zangon karatu ya rataya a kan kalmar da ta riga fita daga bakin babba.

Ba ya ji

Mu fara da jumlar da aka fi yi a kansa: "Yaron nan ba ya ji." Gajeruwa ce, amma ƙofa uku gare ta. Tana iya nufin kunnensa ne ya toshe. Tana iya nufin harshen da ake yi ne bai sani ba. Tana kuma iya nufin taurin kai, irin na yaron da ba ya jin magana, ba ya jin bari. Na farko aikin likita ne, na biyu aikin lokaci, na uku aikin tarbiyya. Malamin da bai tsaya ya rarrabe ba, sai ya ɗauki maganin na uku ya ɗura wa na biyu.

Wannan kalma ta ji kuma tana riƙe da wani ilimi da muka saba da shi har muka daina gani. Bahaushe ba ya tambayar mutum ko yana faɗin Hausa. Cewa yake, "Kana jin Hausa?" A wurinsa sanin harshe a kunne yake zaune. Bazabarme ma da kalmarsa ta ji, wato ma, yake tambayar ko ka san Zabarmanci. Bafulatani cewa yake a nani, ka ji. Bayarabe da gbọ́ yake tambaya, ita ma ji ce. Harsuna huɗu masu nisa da juna, duk sun yarda kunne ne ƙofar harshe.

Turanci da Faransanci kuwa da fi'ilin magana suke wannan tambaya, kuma makarantar boko ta gaji ma'auninsu. Abin da ya fito daga baki shi take ƙirgawa. Yaron da ya cika kunnensa da Hausa tsawon wata biyu, yana tashi idan an ce a tashi, yana buɗe littafi idan an ce a buɗe, a ma'aunin gida ya fara jin Hausa. A ma'aunin aji kuwa har yanzu bai san komai ba.

Bebe da danginsa na nesa

Bebe a Hausa shi ne wanda ba ya magana sam, galibi saboda kurumta tun yana ƙarami. Liƙa wa yaronmu wannan suna kuskure ne sau biyu. Na ɗaya, je ka gidansu da yamma ka ji yadda yake faɗa da ƙannensa. Na biyu, shi kansa beben yana da harshe: maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta fitar da littafi a kanta a 2000.

Sai dai ba mu muka fara wannan kuskure ba. Larabawan dauri sun kira wanda ba ya jin Larabci ajami, daga tushen da ke nufin rashin fitar magana sarai. Rashawa suna kiran Bajamushe nemets, mutanen Folan suna cewa Niemiec, asalin kalmar kuwa bebe take nufi: ga mutum yana ta motsa baki, amma tunda ba mu gane ba, bai ce komai ba. Kalmar ta bi ta hannun Turkawa ta shiga Larabci, shi ya sa har yau Larabawa ke kiran ƙasar Ostiriya Namsa. Girkawa kuma suka ce barbaros, mai bar-bar, wanda maganarsa surutu ce kawai a kunnensu.

Sa baubawa tamu kusa da barbaros ka saurara. Dukansu gaɓa ce mai maimaita kanta, kamar ana kwaikwayon bakin da ke tuntuɓe. Baubawa shi ne wanda Hausa ba ta zauna a bakinsa ba. Akwai kuma gwaranci, wanda muka ciro daga sunan al'umma sukutum, Gwari, masu kiran kansu Gbagyi, muka mai da shi sunan karyayyar magana. Haka nan muke da harshe muke da yare. Namu harshe, na Larabawa harshe, na Turawa harshe; na ɗan ƙauyen da ya zo jiya kuwa yare.

Ajami dai ta yi kyakkyawan ƙarshe a wannan ƙasa. Kalmar da ta fara da ma'anar ƙinƙina ta zama sunan rubutun da malaman Gwandu da Sakkwato suka adana Hausa da Fulatanci da shi, har Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta karantar da mata da shi. Wanda aka ce bakinsa ba ya fita, ashe yana da abin faɗi, mai sauraro ne bai samu ba tukuna.

Shiru iri-iri

Hausa ba ta da talaucin kalmomin shiru. Akwai shiru, uwar gida. Akwai tsit, shirun wuri bayan hayaniya. Akwai gum, wanda aka yi da baki da gangan. Akwai jugum, shirun mai damuwa, abokin tagumi. Ita uffan da muke cewa bai ce ba, daga Larabci ta zo, ƙaramin sautin ƙosawa ne da Suratul Isra'i ta hana ɗa ya yi wa iyayensa. Wanda bai ce ko uffan ba, ko ƙorafi bai yi ba ke nan.

Biyu daga cikinsu sun fi ba ni sha'awa: kurum da kawai. Kowace tana aiki biyu. "Ruwa kurum na sha," "ruwa kawai na sha," wato ba ƙari. "Ya yi kurum," "ya yi kawai," wato ya yi shiru. Kurum tana kama da kurma a kunne, amma tazararsu babba ce: kurma bai ji ba, mai kurum ya ji ya ajiye. Shi ya sa ake cewa kurum ma magana ce.

Daga kawai aka sami kawaici, kuma a nan ne lamarin ya yi daɗi. Kawaici ɗabi'ar yabo ce. Mun ɗauki shiru mun mai da shi ado. Fulani suna da semteende, kunyar da ke cikin pulaaku, kalmar da muka ara muka ce fulako. Zabarmawa suna da haawi. Duk gidajen nan uku abu ɗaya suke koya wa yaro: kada ka zuba wa babba ido, kada ka tsoma baki inda manya suke, kada ka ambaci sunan mahaifinka gatsal. Ran da ya shiga aji kuwa sai a ce, "Ɗago kai! Dube ni! Buɗe murya! Mi as sunan babanka?" Abin da gida ya kira ladabi, aji ya kira rashin amsa.

Ga yarinya abin ya fi ɓoyuwa. Idan ta yi zango guda ba ta yi magana ba, sai a ce mai natsuwa ce, mai kunya ce. Yabon kansa ne ke rufe ta, har shekara ta ƙare ba wanda ya tambayi ko tana fahimtar karatu.

Akwai kuma ƙiwa, ta ƙaramin yaron da ba ya yarda da baƙuwar fuska. Akwai nauyin baki, na wanda haka Allah ya yi shi, ko a gida ba ya da surutu. Akwai in'ina, wadda ke sa mai ita gudun magana don kada a kwaikwaye shi. Sai miskilanci, wanda ya bambanta da su duka da abu ɗaya: niyya. Miskili yana da amsa a baki, ya ga dama ne ya riƙe. Cikin dukan sunayen, wannan ya fi haɗari, domin shi ne ke halatta duka.

Abin da ya rufe bakin

Yaro ba ya fara da shiru. Galibi ranar farko yakan gwada abin da ya zo da shi. Ɗauki ɗan Dogon Dutse, wanda Hausa ce harshen gidansu. A can makaranta lakwal ce, daga l'école na Faransanci. Littafin rubutu kaye, daga cahier. Abin rubutu bik, inda mu muke cewa biro. Malamin boko kuwa mushe, daga monsieur. Sai ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce "Mushe!" Karin sautin ya bambanta, amma 'yan ajin Gwadangaji abu ɗaya za su ji: dabbar da ta mutu ba yanka. Aji ya kwashe da dariya, wataƙila malam ya ɓata rai. Yaron ya girmama malaminsa da kalma mafi kyau da ya sani, aka yi masa ihu.

Ɗauki Bazabarme. A harshensa oho na nufin i. Malam ya ce, "Ka jiya?" Ya ce, "Oho." Ga kunnen Bahaushe babu raini kamar wannan, domin oho tamu ta ko-in-kula ce. Ya amsa gaskiya, an ji rashin kunya. Yaro mai hankali idan irin wannan ta same shi sau ɗaya ko biyu, zai yanke shawarar da babba ma zai yanke: bari in saurara tukuna.

Sannan ga dokar da wasu makarantu ke kafawa ta hana "banakula", har da tara ko sharar fili. Kalmar ita ce vernacular ta Turanci, ta fito daga verna ta Latin, bawan da aka haifa a gidan ubangijinsa. Muna da sunansa a Hausa: bacucane. A makarantun mulkin Faransa kuma akwai symbole, wani abu da ake rataya wa yaron da aka kama yana harshen gida, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani. Kakanni da iyayen wasu yaran da ke zuwa daga hayin iyaka sun san shi.

Manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 ta ce a fara karantar da yaro da harshen gidansu ko harshen da ya kewaye shi. An sha juya manufar tun daga lokacin, amma abin da ke gudana a yawancin azuzuwan gwamnati a nan sananne ne: littafi da Turanci, bayani da Hausa. Ɗan gari hawa ɗaya ke gabansa. Ɗan Zabarma ko ɗan rugar Fulani hawa biyu: sai ya ji Hausa kafin Hausa ta kai shi Turanci.

Sunan da masana suka ba shi

Masu nazarin koyon harshe sun daɗe da lura da wannan hali. Stephen Krashen na Amurka ya yaɗa sunan "lokacin shiru", musamman a littafin da suka rubuta da Tracy Terrell a 1983, inda suka ce a bar mai koyo ya cika kunne kafin a nemi bakinsa. Patton Tabors, a littafinta na 1997 kan yara masu harshe biyu, ta jera matakai huɗu: yaro ya fara da harshen gida, ya ga ba a gane ba ya daina magana, ya dawo da guntayen kalmomi da jumlolin da ya haddace, sannan ya fara ƙera nasa. Ita ta fi son a kira mataki na biyu lokacin rashin furuci, domin yaron bai daina sadarwa ba. Yana nuni, yana gyaɗa kai, yana jan rigar abokinsa, yana dariya inda ya dace.

Muriel Saville-Troike kuma a 1988 ta ba da rahoton abin da ta ji da ta naɗi muryar irin waɗannan yara: da yawansu suna magana ƙasa-ƙasa da kansu, suna maimaita abin da malami ya faɗa, suna gwada sauti, suna sauya kalma a jumla. Shirun na waje ne, ciki ana ta bita.

Manomin fadama ya san wannan a gonarsa. Shinkafar da aka ciro daga reno aka dasa takan yi laushi na 'yan kwanaki, ganyenta ya sunkuya kamar ba za ta yi ba, alhali a ƙasa saiwa ce ke neman wurin kamawa. Ba mai tumɓuke dashe kullum safe don ya duba ko ya kama. Ruwa ake ba shi, a kore masa tsuntsu.

Idan za mu raɗa wa wannan mataki suna da Hausa, ni shirun sauraro zan ce. Ga wani yaro makonni ne, ga wani watanni, kuma ƙanana sun fi manya daɗewa a ciki.

Harafi ɗaya na likitoci

Akwai wani shirun dabam, kuma tarihin sunansa darasi ne. A 1877 likitan Jamus Adolf Kussmaul ya bayyana mutanen da ke iya magana amma ba sa yi a wasu wurare, ya kira abin aphasia voluntaria, rashin magana na ganin dama. A 1934 likitan ƙwaƙwalwar yara na Suwizalan Moritz Tramer ya sake masa suna elektiver Mutismus, bebancin da mai shi ya zaɓa. Duka sunayen biyu miskili suke cewa da harshen asibiti.

Sai a 1994 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya ƙara harafi ɗaya tak: elective ta koma selective. Da wannan s ɗin aka sauke laifi daga kan yaro. Ma'ana ta tashi daga "shi ya zaɓi shiru" ta koma "a wasu wurare ne maganar ke sarƙewa". A bugun 2013 aka sa matsalar cikin dangin cututtukan fargaba. Daga Kussmaul zuwa wannan harafi shekara 117 ne, kafin a yarda cewa yaron yana son magana, tsoro ne ya riƙe masa maƙogwaro.

Wane suna za mu ba shi? Bebancin zaɓi zai mayar da mu ga Tramer. Ɗaurin baki zai kai iyaye wurin mai magani, domin kalmar warin sammu take yi. Shirun fargaba ya fi dacewa: ya faɗi abin da ake gani, ya faɗi sanadi, bai zargi kowa ba.

Kundin da kansa ya yi kashedi: ba a sa wa yaro wannan suna idan rashin sanin harshen ne ya hana shi magana, kuma watan farko na shiga makaranta ba ya cikin lissafi. Duk da haka yaran da suka yi ƙaura sun fi faɗawa cikinsa. Wani bincike da aka buga a 2003 kan yaran makarantun raino na Birnin Ƙudus ya sami matsalar a kashi 2.2 cikin ɗari na 'ya'yan baƙi, alhali a jimillar yaran kashi 0.76 ne, kusan ninki uku ke nan.

Yaya malami zai bambance? Mai shirun sauraro jikinsa a sake yake, idonsa na bin darasi, kuma da ya sami mai jin harshensa a filin wasa sai baki ya buɗe. Mai shirun fargaba jikinsa ƙagewa yake idan aka dube shi, kuma ko da Zabarmancin aka yi masa a harabar makaranta ba zai amsa ba, alhali a gida ba ya rufe baki. Masana sun ba da shawarar a nemi taimakon likita idan shirun ya haura wata shida, ya shafi harsunan biyu, kuma ya zarce abin da ƙarancin sanin harshe zai iya bayyanawa.

Akwai na uku da yankinmu ya sani yanzu: shirun razana, na yaron da aka gudo da shi cikin dare, ya ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Shi Hausa ce harshensa, amma ko a gida ya rage magana, yana firgita a barci, ƙarar babur na sa shi zabura. Wannan ba ya jiran wata shida. Haka nan wanda ba ya waiwaye idan an kira shi ta baya, ko kunnensa na zubar da ruwa, a kai shi asibiti a duba kunne tun da wuri.

Baƙo da mai masaukinsa

Saura sunan da ya shafi zuwansa. Baƙin haure ake cewa a rediyo, daga haura, tsallake katanga. Yaron da aka goyo bai haura katangar kowa ba. Ɗan ci-rani na mai komawa ne da damina. Ɗan gudun hijira ya haɗa gudu da kalma mai daraja, wadda a ƙasar nan take tuna tashin Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804. Daga wannan tushe ne kuma muka sami almajiri, wato almuhajir, wanda ya yi ƙaura. Tsohuwar kalmarmu ta mai neman ilimi, ashe, ma'anarta wanda ya bar gida. Karantar da yaron da ya zo daga wani gari, har da mai wani harshe, tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa.

Makarantar allo ma tana da dabarar da ta dace da shi. Kowa na karatu da ƙarfi lokaci guda, muryar sabon zuwa ta shige cikin ta jama'a, ba wanda ya zuba masa kunne shi kaɗai. Sau da yawa yaron da ya yi kurum a boko da safe, da yamma yana can yana biya allonsa. Malamin firamare na iya aron wannan: amsar taro, ƙirga tare, waƙar aji, kafin a zo ga "kai, tashi ka faɗa".

Cikin sunayen duka, baƙo ne kaɗai ke ɗora nauyi a kan wanda ya faɗe shi. Bazabarme yaw yake cewa, Bafulatani koɗo, kuma kamar a Hausa kalma ɗaya ce ta wanda ba a sani ba da wanda aka saukar. Da ka ce baƙo ka mai da kanka mai masauki, kuma baƙonka Annabinka. Ba a tsare baƙo da tambaya a ƙofar gida. Ruwa ake fara ba shi, a nuna masa makewayi.

A aji ma daga nan za a fara. Yaron da ba ya magana ba zai iya neman izinin fita fitsari ba, kuma in ya jiƙa wando a gaban 'yan aji an ƙara masa wata uku na shiru. Tun ranar farko a nuna masa wurin, a yi yarjejeniya da shi kan alamar hannu. Malam ya riƙe kalmomi kaɗan na harshensa: kubayni, maraba da Zabarmanci; hari da ndiyam, ruwa da Zabarmanci da Fulatanci; goro da jooɗa, zauna. Ko malam ya karya su ba laifi. Yaron ya ga babba yana baubauci a harshensa ba wanda ya yi dariya.

A zaunar da shi kusa da yaro mai haƙuri da ke jin harshensa, wanda a Birnin Kebbi ko Argungu ba wuyar samu zai yi ba. Amma wannan abokin jagora ne, kada ya zama tafinta na dindindin mai amsa kowace tambaya a madadinsa. A yi masa tambayar da za a amsa da nuni, sannan wadda za a amsa da i ko a'a, sannan ta zaɓi tsakanin abu biyu. Bayan tambaya a ɗan jira, ido a kan littafi. A ba shi aikin da ke sa mutum cikin jama'a ba tare da magana ba: raba littattafai, goge allo. A auna fahimtarsa da zane da haɗa hoto da kalma. Ranar da kalmar farko ta fito, kada a ce aji ya tafa masa. A amsa masa kamar kullum yake magana, a ci gaba da darasi.

Ga iyaye tambaya ɗaya ta fi kowace: "A gida yaya yake?" Idan uwa ta ce, "Malam, wanga yaro ba shi ruhe baki," an sami rabin amsa. A kuma roƙe su kada su daina yi masa harshensu don wai ya yi saurin koyon Hausa ko Turanci. Yaron da harshensa na farko ya yi ƙarfi ya fi saurin ɗora na biyu. Irin wannan bayani ya cancanci gurbi a darussan masu koyon malanta a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, tunda ɗalibanta ne za su tsaya a gaban waɗannan azuzuwa.

Sunansa na yanka

Akwai suna ɗaya da ba mu taɓa ba, wanda aka raɗa masa ranar bakwai. Shi ma iyaka takan taɓa shi. Takardar haihuwa daga Nijar ko Benin da ƙa'idar Faransanci aka rubuta ta: Oumarou, Boubacar, Djibo, Aïchatou. Malamin da ya karanta da idon Turanci sai ya ce "Aumarau", ya ce "Baubakar", ya tsaya yana kokawa da d ɗin Djibo. Yaron bai amsa ba, domin ba a kira shi ba. A Faransanci ou ita ce u tamu, dj kuwa j ce, ch kuma sh. Umaru ne, Bubakar ne, Jibo ne, A'ishatu ce. Wani kuma sunan takarda dabam, wanda ake kiransa da shi a gida dabam, saboda alkunyar sunan kaka ko ta ɗan fari.

Don haka kafin a buɗe rajista, malam ya tambayi wanda ya kawo yaron: "Da wane suna kuke kiran shi?" Ya maimaita har mai kawowar ya ce haka ne, ya rubuta yadda ake faɗi a gefen yadda aka rubuta. Amsar kira kuma a sauƙaƙa ta. Ɗaga hannu ya isa a makonnin farko. In baki ya tashi buɗewa, akwai kalmar da Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani duk suka aro daga Larabci, kowa ya san ta tun daga ɗakin uwarsa, ba ta bukatar Turanci ko Faransanci: na'am. A karɓe ta a matsayin amsa cikakkiya, a yi masa maki a rajista, a kira na gaba.